Jirgin Baba a Gidan Bak

Mu Sarkawan Yawuri, masunta da matuƙa jirgi, in aka ce Yamai, hanyar ruwa ce ke faɗo mana a rai: ka haura Illo, ka wuce Gaya, ka yi ta tuƙi har kafaɗa ta mutu. Ni kuwa da tawa tafiyar ta tashi, a bayan akori-kura na yi ta, a matse tsakanin buhunan gishiri da wata tsohuwa da ta mai da gwiwata matashin kai. Shekarar fari ce, shekarar da kogi ya ƙafe. Neman mahaifina na fita.

Baba ya haura da babban jirginsa tun ruwa na cike, da lodin tukwane da tabarmi, ya ce ba zai daɗe ba. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, shiru. Sai wani mai fataucin banda ya kawo labari cewa ya gan shi da idonsa: yana raye, amma ya rame, yana tari, yana kwance cikin jirginsa, jirgin kuwa na kan yashi. Inna ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Garba, je ka zo mini da ubanka. Jirgi katako ne, a bar shi can." Na ce to. A lokacin gani nake aikin bai wuce in je in kama hannun tsoho mu hau mota ba.

A Kamba na fara sanin baƙo makaho ne ko da idonsa na buɗe. Sojojinmu sun rufe iyaka, can ƙetare ma soja ke mulki, don haka sai ta daji. Wani ɗan siriri mai tabarau, baki kamar an shafa zuma, ya ce shi jagora ne, ya san hanyar da ko tsuntsu bai sani ba. Ya tara mu, mu masu son ƙetarewa, ya kai mu gindin wata kuka, ya ce kayanmu za su jawo hankalin 'yan sintiri, bari ya fara wucewa da su a kan kekensa, ya duba hanya ya dawo. A jakata akwai bandar da Inna ta kyafe wa Baba da hannunta, da sassaƙen maganin tari, da rigata ta Juma'a. Bawan Allahn nan har yau yana can yana duba hanya. Allah ya isa, ban yafe ba, bandar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Burtalin shanu muka bi muka faɗa Gaya. Da na tsaya a bakin kogi sai na rasa ta cewa. Kogin da aka yanke mini cibiya a gaɓarsa ya koma ɗan siririn ruwa a tsakiyar yashi, jakuna na ƙetarewa ko cikinsu bai jiƙe ba.

Wani direba ɗan Maraɗi ne ya ji tausayina. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan Najeriya, ba ka da karti, takardar shaida, ko? To hau baya. In jandarma, ɗan sandan hanya, ya tsai da mu ka kama bakinka, kai aparantina ne." Ban san mene ne aparanti ba sai da ya miƙo mini tsumma ya ce in riƙa goge gilashi. Haka na zama karen mota ba shiri. Daga Doso zuwa Yamai ban ga saniya a tsaye ba sai ɗai-ɗai. Mushe ne hagu da dama, ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo. Ga mutane zaune a bakin hanya da 'yan ƙullin kayansu, ba sa roƙo, ba sa ɗaga hannu, kallo kawai suke bin mu da shi.

A Yamai na yi ta bulayi cikin unguwar Kalley, kowa na tambaya sai ya amsa mini da Zabarmanci ko Faransanci. Wata mai sai da kwaɗon zogale ta ga yadda nake haɗiyar yawu, ta zuba mini a ganye ta ce, "Ci, baƙo," ta kau da kai don kada in ji kunya. Daga ƙarshe wani tela Bagobiri ya tsai da kekensa ya saurare ni.

"Jirage kake nema? Ɗan'uwa, yanzu da ƙafa ake zuwa Harobanda. Amma bi gangaren nan har ka ga Gidan Bak. In akwai mahaukacin da ya rage da jirgi, can yake."

Na so in ce masa ubana ne yake kira mahaukaci, sai na tuna a garinsu nake.

Gidan Bak tsohon gini ne na jan dutse, tun na zamanin Nasara. Bak shi ne ƙaton jirgin ƙarfe da ke fito da mutane da motoci zuwa Harobanda, can ƙetaren kogi, kafin a gina gada. A nan yake tsayawa, a nan kuma jiragen fatake na Gawo da Ayoru da Gaya da namu na Yawuri suke ɗaure igiya. Yana da doguwar baranda, da matakalar dutse da ke gangarawa cikin ruwa, da manyan zobban ƙarfe a jikin bangon gaɓa. Sai dai matakalar yanzu a kan yashi ta ƙare. Na sauka na ɗaga kai, na ga zobban sun fi ƙarfin hannuna ko da zan yi tsalle. A nan na gane inda nake tsaye ƙarƙashin ruwa ne.

Jirgin Baba na nan gefe, ya ɗan karkata, cikinsa ya nutse a yashi, igiyarsa na ɗaure can sama a zobe kamar gobe zai tashi. Baba na kwance a ciki a kan tabarma, ƙarƙashin rumfar zana. Ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama kamar na zalɓe. Na durƙusa na yi sallama.

Ya amsa, ya daɗe yana kallona. "Ta ina ka zo?"

"Ta mota, Baba."

"Hmm. Ya uwarka?"

"Tana gaishe ka. Ta ce in zo da kai."

"Madalla," in ji shi. "Ruwa na zuwa."

Mai gadin ginin wani tsohon Bazabarme ne, Baba Sumana, wanda a da shi ke riƙe da sitiyarin bak. Tun da aka gina gada ba wanda ya ce masa ya zauna, ba kuma wanda ya ce ya tafi, sai ya zauna. Hausarsa ta kasuwa ce, gajera-gajera. Shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Da yunwa ta tsananta, soja suka nemi masu jirage su kai jar dawar agaji ƙauyukan bakin kogi da mota ba ta shiga. Da ruwa ya fara ja, kowa ya sauke lodinsa ya gudu gida. Baba ya ce saura ƙauye ɗaya. Ya kai, ya dawo, ya tarar hanyar gida ta zama tudu.

"Ubanka taurin kai," in ji Baba Sumana. "Ni ma taurin kai. Shi ya sa muna shiri."

Ba sai an faɗa mini dalilin zaman ba, da shi na tashi. A wurinmu Basarke ba ya barin jirginsa a tudu. In jirgi na da rai, ka koma da shi gida. In ya mutu, ba a faskara shi, ba a sa masa wuta: gurbi mai zurfi ake kai shi, a cika shi da duwatsu, ruwa ya karɓi abinsa. Wanda ya bar jirginsa rana da gara suka ci, ko jikokinsa sai an yi musu gori. Na san wannan sarai. Amma na dubi ƙafafun Baba na ce a raina, al'ada ba ta taɓa yi wa kowa maganin tari ba.

Tunda ba zai tafi ya bar jirgi ba, sai na ce to bari in gyara jirgin, ruwa na zuwa mu kama hanya. Rana ta buɗe duk haɗin katakon, har hannu kana iya zurawa. Na shiga dako a kasuwar Katako, ina sauke itace daga manyan motoci, abin da na samu in sayo garin rogo da ƙusa da kwalta. Da la'asar in dawo in zauna ina cusa tsumma a tsaga, ina bi da kwalta mai zafi. Abu ɗaya ya riƙa ba ni mamaki. Baba mutum ne da ko ƙulli na yi sai ya kwance ya sake, amma yanzu ina aiki a gabansa ko uffan ba ya cewa. Baba Sumana ma ya ce da can mahaifin nawa kan ja jiki zuwa ɗan tafkin da ya rage, ya ɗebo ruwa a bokiti ya yayyafa wa jirgin safe da yamma, sai rana ɗaya ya daina. Na ce ai ƙarfi ne ya ƙare.

A barandar Gidan Bak nake kwana, tare da wasu iyalan Buzaye da dabbobinsu suka ƙare. Wata rana Baba Sumana ya buɗe mini babban ɗakin ciki. Sanyi da warin tsatsa suka buge ni. Ga sarƙoƙi a naɗe kamar macizai, ga ƙugiyar tsai da jirgi da ta fi ni tsawo, ga ma'aunin gyaɗa, ga sitiyarin bak an jingine shi a bango, hannun tsohon ya cinye fentinsa. Ya ja ni wajen bangon da ke fuskantar kogi. Duk jikinsa zane ne, an karce da wuƙa: kifi, kada, tafin hannu, wata. Ya ce duk shekarar da ruwa ya cika ya tumbatsa, matuƙan da suka iso sukan zana alamar jirginsu daidai inda ruwa ya kai. Yana tafe yana taɓa su yana kiran masu su: wannan na Gawo ne, ya nutse da lodin gishiri; wannan ya makance; wannan 'ya'yansa duk direbobin taksi ne yanzu. Sai ya ɗora yatsa a kan wasu ƙugiyoyi biyu baya da baya, irin waɗanda ke goshin jirgin Baba.

"Kakanka," in ji shi. "Dogo, mai dariya. Ya ba ni goro ina yaro."

Ni ban taɓa ganin kakana ba. Na sa tafina a wurin, dutsen da sanyi kamar an fito da shi daga randa.

Akwai ƙararrawa a rataye a ƙofar ginin, wadda ake bugawa in bak zai tashi. Baba Sumana bai fasa buga ta ba, safe da la'asar. Ƙararta takan bi faɗin yashin nan ta je ta dawo, ba wanda ke waiwayowa sai karnuka. Na tambaye shi, "Baba Sumana, wa kake kira?"

"Waɗanda suka saba ji."

Na yi dariya a lokacin. Amma wallahi, da rana tsaka, in gari ya yi tsit, yashi na rawa don zafi, na sha jin ruwa na bugun matakalar nan, ɗas, ɗas, da muryoyin mutane suna jayayya kan lodi. In na leƙa ba kowa sai akuya. Ban faɗa wa kowa ba. Cikin kogin ma ya tona abin da ya daɗe yana ɓoyewa: fasassun tukwane, ƙarfen wata mota da ta taɓa suɓucewa daga bak, mundaye, da ƙasusuwan da ba wanda ya tsaya tambayar na dabba ne ko na mutum. Wata safiya kuma motar soja ta zo ta kwashe Buzayen, aka ce za a kai su sansani a bayan gari. Ni na tsira don ina Katako. Da na dawo ba abin da ya rage a barandar sai duwatsun murhunsu da takalmin yaro ƙafa ɗaya.

Tarin Baba ya ƙaru, har ya fara fitar da jini. Ana nan sai wani Alhaji mai sai da katako, wanda nake yi wa dako, ya ji labarin jirgin ya biyo ni. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa gefensa da zobe, ya tsuguna ya gai da Baba cikin ladabi.

"Malam, maɗaci irin wannan ba a samunsa yanzu. Ka bar mini shi. Yau in kai ka wurin lokotoro a asibiti ya duba ƙirjin nan, jibi motata za ta Gaya, in sa ka a gaba kusa da direba."

Zuciyata ta yi fari. Na ce Allah ya kawo mafita.

"Me za ka yi da shi?" in ji Baba.

"Ƙofofi, benci, abin da ya samu."

"Jirgin da ya ɗauki amare da alhazai da gawa, shi za a yi ƙofar makewayi da shi? Na gode, Alhaji. Allah ya ba ka wani."

Alhaji na juya baya na manta da wa nake magana. "Haba Baba! Katako ne fa! Jini kake tofarwa! Inna na can ta zuba ido, kai kana nan kana gadin itace. In ka mutu a nan, jirgin ne zai yi maka salla?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya bari na gama, ya goge bakinsa da gefen riga.

"In ka gaji, tasha na nan. Ka gai da uwarka."

Na hau matakala na zauna ina huci. Haushinsa nake ji, tsoro nake ji, kuma ban taɓa jin sonsa kamar na ranar ba. Baba Sumana ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce, "Kala suru," wato sai haƙuri. Na ce masa haƙurin nan shi zai kashe mini uba. Bai musa ba.

Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas yana watsewa. Aka ce an yi ruwa can nesa. Ran nan da hantsi ina narka kwalta sai na ji ƙararrawa ba a lokacinta ba, ana ta buga ta ba ƙaƙƙautawa. Na miƙe. Can ta saman kogi na hango ruwa na tahowa a kan yashi, ja wur, yana rarrafe a hankali, yana ture kumfa da karmami da kunamu a gabansa. Mutane suka fito gaɓa, mata na guɗa, wasu na kuka, wani tsoho ya shiga da rigarsa ya yi sujada a cikin laka.

Kullum ruwan na ƙaruwa. Da ya kusa jirgi muka ɗauko Baba muka kwantar da shi a baranda inda zai riƙa gani. Na naɗe tabarmarsa, wadda tun zuwana ban taɓa ɗagawa ba, don wa zai ɗaga shimfiɗar ubansa yana kai? Ƙarƙashinta akwai buhuna a shimfiɗe, na bar su. Ruwa ya zagaye jirgin, goshinsa ya motsa, ya ɗaga. Na daka tsalle na faɗa ciki ina ihu, "Baba, ya tashi! Ya tashi!"

Sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba inda na liƙe, ko ɗigo babu. Daga ƙarƙashin buhunan ruwan ke ɓulɓulowa. Na yaye su. Katakon ƙasa, uwar jirgin gaba ɗaya, ya tsage daga tsakiya har kusan ƙarshe. Ashe a kan dutse ya zauna a cikin yashin, nauyinsa ya karya shi, gara ta shiga ta gama sauran. Na danna da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dambu.

Na hau matakala jikina na ɗigar ruwa, na tsaya a kansa.

"Baba, ka sani?"

"Tun kafin ka zo."

"Shi ne ka bar ni ina ta liƙi? Ka bar ni ina dako?"

"Da na faɗa maka, da ka ɗaure ni ka jefa a mota, ka bar wa Alhaji shi. Na san ɗana." Ya yi tari, ya huta. "Kuma liƙin ya yi kyau. Na gani."

"To me muke jira tun tuni?"

"Ruwan da zai rufe shi."

Na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, ƙato da ni, a gaban mutane.

Baba Sumana ne ya aika a kira tsofaffin abokansa. Ranar da ruwa ya kai rabin matakala, sai ga tsofaffi suna gangarowa, wasu daga Harobanda, wasu daga unguwannin bakin kogi: tsofaffin matuƙa da masunta, wani tela ne yanzu, wani mai gadi, wani jikansa ke jan sandarsa. Kowa da dutse a hannu ko a ka. Yawancinsu ba mu jin harshen juna, ba a kuma buƙaci magana ba. Muka kwance igiya daga zobe, muka ja jirgin zuwa gurbin da bak ke tsayawa, inda ya fi ko'ina zurfi. Baba ya ce a sauko da shi. Na goya shi har bakin ruwa. Dutsen farko nasa ne, amma ya kasa ɗagawa, sai na sa hannuna ƙarƙashin nasa muka yi bisimilla muka saka tare. Tsofaffin suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ya yi ƙasa a hankali, bai karkata ba, bai yi ƙara ba, goshinsa ne ya shige daga ƙarshe. Jan ruwan ya haɗe a kansa ya ci gaba da tafiya.

Baba ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce a kunnena, "Alhamdu lillahi. Garba, ina tashar take?"

Baba Sumana ya raka mu har mota, ya lulluɓa wa Baba bargonsa, shi kaɗai gare shi. Suka riƙe hannun juna. Na samar wa Baba wuri a jikin buhuna, na ɗora kansa a cinyata. Da farko har hira yake yi, yana tambaya ko an gyara rufin ɗakin Inna, yana cewa mota ba abin hawan mutum mai mutunci ba ce. Na ce a raina, mun tsira. Muna gab da Doso ya yi shiru, numfashinsa ya riƙa yin sama-sama. Da direba ya tsaya sallar azahar, Baba ya kama yatsana ya ce, "Ka gaya wa uwarka ban bar shi a tudu ba." Na ce, "Kai za ka gaya mata da bakinka." Kafin a sallame salla ya cika.

Mutanen da ban san sunan ko ɗayansu ba suka yi masa wanka, wani mai shago ya yanko likkafani, fasinjoji suka tsaya aka yi masa salla. Doso ba ta da kogi. Ƙasar maƙabartar ta yi tauri har diga na tsalle. A nan na bar shi.

Na iso Yawuri da yamma, na sauka a tasha ni kaɗai. Gida ba kowa, maƙwabciya ta ce tun da aka ji ruwa ya dawo, Inna ba ta yini a gida. Na gangara bakin kogi. Tana zaune a kan wani kifaffen kwale-kwale, ta ba gari baya, ta zuba ido sama ta inda jiragen Yamai ke ɓullowa. Ita da ta ce a bar jirgi can, ashe ta fi ni sanin mijinta, ko sau ɗaya ba ta je tasha ba. Na tsaya a bayanta. Da ƙyar na yi sallama.

Ta juyo ta dube ni, sannan ta dubi bayana. Ta daɗe tana duban bayana.